Abin da Aka Ciro Daga Cikin Gwarzo

Akwai wani manomi mai suna Lado a wani ƙauye da ke gefen Magama, dab da shingen kan iyakar Jibiya. In ka tsaya a bakin gonarsa, kana hango manyan motoci jere a kan titi suna jiran a ba su hanya su wuce Maraɗi.

Lado ba mai dukiya ba ne, amma yana da abin tinƙaho: shanun huɗa biyu, Gwarzo da Kyauta. Tun suna maruƙa ya raine su, shi ya koya musu karkiya, shi ya koya musu jan amalanke. Da su yake huɗe gonarsa, da su yake huɗe ta mutane ya samo abin da gidansa zai ci. Matarsa Fatu takan ce da a ce shanun nan suna shan shayi, da su za a fara zuba wa kafin ita.

A da yana da babbar gona can cikin daji. Tun da rashin tsaro ya hana mutane yin nisa, ya haƙura da ita. Abin da ya rage masa sai wannan ta bakin titi, mai yashi, wadda ta gaji da noma. Mutum tara ne a gidansa ke jiran abin da za ta fitar.

Takin zamani ya fi ƙarfinsa, sai ya samo dabara. Bayan wurin da direbobi ke jira akwai wani ƙaton juji, inda masu abinci da masu shayi da masu sayar da ruwa ke zubar da shara. Akwai toka a ciki, akwai kashin awaki, akwai ragowar shinkafa. Akwai kuma leda, baƙa da fara, wadda ba ta ƙirguwa.

Duk rani Lado yakan ɗaura amalanke ya yi ta kwasa, yana zubewa a gona tsibi-tsibi. Ba shi ya fara ba, manoma da yawa suna yi. Amma shi ya fi kowa kwasa.

Shekarar farko gero ya yi kyau. Ta biyu ma haka. To daga nan fa kan Lado ya kumbura. Dama shi mutum ne da in ya nuna yamma ya ce nan ne gabas, ko rana ta fito ta bayan ƙeyarsa ba zai waiwaya ba.

Yana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Salmatu. Malama ce a wata firamare da ke kusa. An taɓa tura ta wani kwas kan kula da muhalli, ta dawo da abin a ranta. Duk ranar Alhamis takan fita da 'yan ajinta su tsinci leda a bakin titi. Ta koya musu su riƙa ƙulla ledojin uku-uku kafin su jefa a buhu, don kada iska ta sake kwashe su. Direbobi suna yi musu dariya, ita ko a jikinta.

Wata rana ta biyo ta gonar yayanta, ta tarar da shi yana sauke shara. Ta gaishe shi, ta tsaya tana kallon ledojin da suka maƙale a kututturan gero suna kaɗawa.

Ta ce, "Yaya, takin nan naka mai kyau ne, ban ce ba shi da kyau ba. Amma a tsince ledar kahin a watsa. Toka da kashin awaki ƙasa na cinye su. Leda kau ƙasa ba ta cin ta, ko shekara nawa ta yi."

Ya ce, "To ta zauna mana. Ita ke riƙe mani laima."

"Ba laima take riƙewa ba, Yaya, hana ruwa shiga take. Wannan ma da sauƙi. Shanun nan da kake ɗaurewa a gona da rani nike ji ma tsoro. Ledar da anka ƙulla abinci ciki tana da gishiri da maiƙo. Suna lasa, suna haɗiyewa. In ta shiga tumbi ba ta hita."

Lado ya jingina da amalanke ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Salmatu, ni na ɗauke ki bisa kahwaɗa na kai ki makarantar nan ranar hwarko, kina kuka da majina. Yau ke za ki koya mani abin da sa ke ci? Sa shina da hankali, ya san abincinshi. Tahi ki koya ma yara baƙi da wasali."

Ba ta ja da shi ba. Ta yi masa sallama ta tafi, amma hankalinta bai kwanta ba.

Bayan mako biyu, wata Alhamis, Lado ya tafi Jibiya wurin maƙeri gyaran garma. Salmatu ta ga dama ta samu. Ta ce a ranta, tunda ba zai tsince ba, bari a tsince masa, in ya dawo ya ga gona fes ai zai yi murna.

Ashe ba ta gama sanin yayanta ba.

Da ya dawo wajen hantsi, ya hango yara kusan talatin sun bazu a gonarsa, ga buhu uku cike an jingine. Ya jefar da garmar, ya zari bulalar shanu ya kaɗa ta a iska.

"Ɓarayin taki! Wa ya ba ku izini? Ku hice mani daga gona!"

Bai doki kowa ba, gaskiya, amma yaran suka watse da ihu, wasu har da barin takalma. Direbobin da ke zaune a inuwar motocinsu suka miƙe suna kallo.

Salmatu ta taho da sauri. "Yaya, ni na kawo su. Leda kawai munka tsince, ba mu taɓa taki ba."

"Abin gonata a gonata zai zauna!"

Ya ɗauki buhun farko ya nufi gindin gawon da ke tsakiyar gona, ya zazzage shi. Ya koma ya ɗauko na biyu, ya ɗauko na uku. A nan gindin gawon turakun shanunsa suke, nan suke wuni saboda inuwa.

Salmatu ta ce, "Don Allah, Yaya, in ma za ka zubar, kada ka zube nan. Nan shanu suke."

Ya juyo ya dube ta a gaban ɗalibanta da direbobi, ya ce, "Malamar bola. An tura ki karatu kin dawo da tsintar shara. Ki kwashe 'ya'yan mutane ki ba ni wuri."

Wani direba ya fashe da dariya. Salmatu ta tattara yaranta, ta tsinto musu takalmansu, ta wuce. Daga ranar ba ta ƙara taka gidan Lado ba. In ta haɗu da Fatu a wurin suna ko ta'aziyya, takan ce a gaida Yaya, shi ke nan.

Rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. A lokacin ne Kyauta ya fara canzawa.

Da farko rage cin harawa ya yi. Sai haƙarƙarinsa ya fara bayyana, alhali cikinsa na nan ƙato, in ka danna gefen hagu ka ji shi da tauri kamar buhun da aka danƙare. Kashinsa ya ragu. Daga baya ya daina tuƙa gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san in sa ya daina tuƙa, ba lafiya.

Lado ya jiƙa kanwa ya ba shi. Ya dafa sassaƙe ya ɗura masa. Ya je kara, kasuwar shanu, ya samo wata allura wurin masu sayar da maganin dabbobi. Da duk suka ƙi, sai ya fara cewa bakin mutane ne, an ga shanunsa sun yi kyau an sa musu ido. Ya karɓo rubutu ya zuba a ruwan shansu.

Fatu ta ce masa a hankali, "Malam, ko a hwaɗa ma Salmatu? Ai ta taɓa cewa..."

Ya daka mata tsawa. "Kada ki ƙara kira mani sunanta a kan shanuna!"

Wata safiya ya je gona ya tarar da Kyauta a kwance, wuya a miƙe, ido ya faɗa. Ya ja igiya, ya roƙe shi, ya kira shi da sunansa. Kyauta ya yi yunƙuri sau biyu ya koma. Dole aka aika a kira Ɗantala mahauci kafin ya zama mushe.

Lado bai iya kallon yankan ba, ya juya baya yana kallon titi. Sai da aka yi fiɗa aka zo kan tumbi ya ji Ɗantala na cewa, "Kai! Wuƙata ta ƙi shiga. Lado, zo ka ga abin da ka tara."

Ya matso. Da aka tsaga tumbin, babu ciyawa, babu harawa. Wani ƙaton dunƙule ne baƙi ƙirin, ya fi tulu girma, leda ta nannaɗe leda, da guntayen igiya da zaren buhu. Sai da mutum biyu suka kama kafin aka fito da shi.

Ɗantala abokin Lado ne tun suna yara, ba ya ɓoye masa magana. Ya goge wuƙarsa ya ce, "Wanga shi ne na huɗu da na gani bana. Ba sammu ba ne, ba bakin kowa ba ne. Yunwa ta kashe maka sa, Lado, ga cikinshi cike."

Lado ya ɗago kai. A hankali ya juya ya dubi ɗaya turken.

Gwarzo na tsaye. Harawar da aka zuba masa tun jiya tana nan yadda take. Bakinsa ba ya motsi.

Jama'a, a nan ne Lado ya gane abin da ke gabansa. Ya zauna daɓas a kan yashi. Hadari ya riga ya fara leƙowa ta gabas da yamma-yamma, maƙwabta sun fara fito da iri. Rumbunsa ya kusa ƙasa. Sa ɗaya ya tafi, in na biyu ya bi shi, ba huɗa, ba amalanke, ba abin da zai kai gida. Shekara bakwai na wahalarsa ne a tsaye a turken nan yana ramewa.

Ya kama rigar Ɗantala. "Akwai magani? Ko mi ne ne, hwaɗa mani."

"Ni yanka na iya. In ka bari ya kai inda wanga ya kai, aiko a kira ni. In kau so kake ya rayu, ƙanwarka ta san mai iyawa. Akwai wani likitan dabbobi can tsallaken iyaka, shina cikin waɗanda sunka koyar da su a kwas ɗin da ta yi. An ce buɗe cikin sa yake shina tsaye, ya kwashe, ya ɗinke."

Kuna tsammanin ya tashi ya tafi wurinta? Ina! Girman kai ba ya sakin mutum da wuri. Kwana biyu ya ƙara yana ɗura wa Gwarzo man gyaɗa da kwalba, wai ko ledar za ta sulluɓo. Ba abin da ya fito. Gwarzo ya fara cizon haƙora, yana sunkuyar da kai har hancinsa na taɓa ƙasa.

A rana ta uku Fatu ta biyo shi gona, abin da ba ta saba ba. Ta dubi san, ta dubi mijinta, ta fashe da kuka.

"Malam, in ba ka iya zuwa, ni zan tahi. In ka ga dama ka yi hushi da ni shekara guda. Amma in sanga ya mutu, mi zan dahwa ma yaran nan da damina?"

Lado ya dube ta. Sannan ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya kama hanyar makaranta.

Ya isa ana tsakiyar darasi. Ya rasa yadda zai yi sallama, sai ya tsaya a gindin taga. Yana jin muryar ƙanwarsa tana tambaya, "Mi ƙasa ke ci?" Yara suna amsawa, "Toka! Ganye! Kashin dabba!" Ta ce, "Mi ba ta ci?" Suka haɗa baki, "Leda!"

Sai wasu suka hango shi ta taga. Na kusa da tagar suka ja jiki suka matsa can ciki. Wannan matsawar ta fi komai yi masa ciwo.

Salmatu ta fito. Ta rusuna ta ce, "Yaya, ina kwana. Lahiya?"

Sai kawai ya tsugunna a gabanta, a tsakar makaranta, babban mutum mai furfura a gemu.

Ta firgita. "Subhanallahi! Yaya, tashi, mutane na kallo."

"Su kalla. A gaban mutane na ci mutuncinki. Salmatu, Kyauta ya tahi. Abin da kika hwaɗa shi anka ciro. Gwarzo ya daina tuƙa yau kwana huɗu. Ki taimake ni don Allah, ba don hali na ba."

Ta ji labarin Kyauta tun ranar da aka yanka shi, ta kuma yi kukanta ita kaɗai, don ita ma ta san shanun nan tun suna maruƙa. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta ciro wayarta nan take ta kira likitan, wani mai suna Manu.

Likita Manu yana wani ƙauye a tsallaken iyaka yana wa tumaki allura. Ya yi tambayoyi, ta riƙa maimaita wa Lado yana amsawa. A ƙarshe ya ce zai taho gobe da safe. Kada a ƙara ɗura masa komai, ruwa kaɗan kawai. Kuma a yi ƙoƙari kada ya kwanta, don a tsaye ake aikin.

Washegari tun da rana ta fito Lado yana bakin shinge. Duk babur ɗin da ya ɓullo daga ɓangaren Nijar sai ya miƙe ya leƙa fuskar mai shi. Hantsi ya yi, babu likita. Rana ta take, kwalta ta ɗau zafi, babu likita. Direbobi suna nan a inuwar motoci, wani ya miƙo masa ruwa a leda. Ya dubi ledar, ya girgiza kai, ya ce ya gode.

Dab da azahar sai ga Fatu da kanta, mayafi a hannu, tana haki.

"Malam, ya kwanta."

Lado ya ɗora hannu biyu a ka. Ya dubi hanyar gona, ya dubi hanyar Maraɗi, ya rasa wadda zai bi. Yana ta maimaita, "Ya Allah, kada ka kama shi da laihina. Shi bai san komi ba."

Sai bayan azahar likitan ya iso a kan babur, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Tayarsa ce ta fashe a hanya, ga kuma layi a wurin duba kaya. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya ce Lado ya hau su tafi.

Suka tarar da Salmatu da Ɗantala da wasu maƙwabta a gindin gawo. Gwarzo na kwance. Likita ya danna cikinsa, ya duba idonsa, ya dubi Lado.

"Maigida, gaskiya zan hwaɗa maka. Kun makara ƙwarai. In ya tashi tsaye, zan gwada. In bai tashi ba, ga mai wuƙa nan, kada ku yi asara biyu."

Maza huɗu suka kama, suka ɗaga, Gwarzo ya ƙi. Suka sake, ya ƙi. Ɗantala ya fara duban wuƙarsa.

Lado ya ce kowa ya matsa. Ya durƙusa ya rungumi wuyan san, ya sa baki a kunnensa, ya yi masa irin kiran da yake yi masa in sun kai ƙarshen kunya za su juya. Ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu. A na uku Gwarzo ya ja dogon numfashi, ya turo ƙafafun baya, ya yi tangaɗi, ya miƙe.

"Ku riƙe shi! Kada ku bari ya koma!" in ji likita.

Aka jingina shi da gawo, aka tallafe shi da igiya. Likita ya aske gefen hagu, ya wanke, ya yi allurar kashe zafi, ya tsaga. Lado na riƙe da kan, goshinsa a kan goshin sa. Da aka buɗe tumbin wani wari ya taso, mutane suka ja baya. Likita ya zura hannu har kafaɗa ya fara jawowa.

Leda. Leda. Guntun igiya. Leda kuma. Yana cirowa yana jefawa a wani tsohon kwando, gumi na zuba daga haɓarsa. Kwando ya cika, aka kawo buhu.

Can sai ya ciro wani abu ya tsaya yana juya shi a hannu. Ya ɗauraye shi a bokiti ya ɗaga.

"Ikon Allah. Maigida, sanka ya iya ƙulli ne? Dubi, leda uku an ƙulle su wuri guda."

Ya sake zura hannu, ya ciro wani. Ya ciro wani. Uku-uku, an ƙulle su tsaf, irin ƙullin ƙananan hannuwa. Likita bai san komai ba, yana ta jera su a gefe yana mamaki. Kafin a gama sun yi tsibi guda.

Ɗantala ya sunkuyar da kai. Salmatu ta juya baya ta rufe fuska da mayafi.

Lado ya zuba wa ƙulle-ƙullen ido. Ya gane su. Waɗannan an riga an tsince su daga gonarsa, an ƙulle, an sa a buhu, saura a fitar da su. Shi da hannunsa ya dawo da su, ya zazzage su a gaban shanunsa. Hawaye suka zubo masa, suna sauka a kan hancin Gwarzo, bai ko share ba.

Ana kiran la'asar likita ya gama ɗinki. Ya yi allurai, ya bar wasu wurin Salmatu, ya nuna mata yadda za a yi.

"Na kwashe abin da hannuna ya kai. Sauran na Allah ne. In ya yi tuƙa cikin kwana uku, ya tsira. Amma ko ya tsira, kada a ɗora mashi karkiya sai bayan wata biyu. In ka yi gaggawa, ɗinkin zai ɓalle."

Rana ta farko Gwarzo ya sha ruwa kaɗan, bai dubi ciyawa ba. Rana ta biyu ya shinshina ɗanyen ganyen da Fatu ta samo a bakin rafi, ya ɗan tsakura, ya bari. Lado bai bar gindin gawon ba sai in zai yi salla. Tsakanin haka yana rarrafe a kan yashi da buhu, yana tsince duk wata leda da ke kusa da turke, har da wadda ta nutse sai ya tona.

A safiya ta uku Salmatu ta zo yin allura kafin ta wuce makaranta. Suna tsaye su biyu a gindin gawo. Sai ta kama hannun rigarsa.

"Yaya. Dubi wuyanshi."

Wani ɗan dunƙule ya taso daga ƙirjin Gwarzo, ya hau ta maƙogwaro. Ya ɗan tsaya. Sannan muƙamuƙinsa ya fara juyawa a hankali, hagu, dama.

Lado ya faɗi ya yi sujada a kan yashin nan. Da ya ɗago, fuskarsa duk ƙasa, dariya yake yana kuka. Salmatu ma haka.

Gwarzo ya rayu. Amma kada ku ce Lado ya fita salin-alin. Ruwan farko ya sauka a makon, ya yi shuka. Da lokacin huɗa ya zo, sa ɗaya gare shi, shi ma da ɗinki a ciki. Da hannu ya yi huɗar, shi da garmar hannu, rabin gona ya iya kaiwa. Bai huɗe wa kowa ba a shekarar. Gidansa sun ga damina mai tsawo, akwai ranakun da sau ɗaya aka ɗora tukunya. Turken Kyauta kuwa har yau ba a ɗaura komai a kansa ba.

Ƙulle-ƙullen nan bai zubar da su ba. Ya wanke su ya shanya. Wata Alhamis ya zuba su a buhu ya tafi makaranta, ya roƙi ƙanwarsa ta ba shi minti biyar.

Da ya shiga ajin, yaran suka sake matsawa baya. Ya zazzage buhun a kan teburin malama.

"Kun gane waɗannan?"

Yaran suka leƙa. Can wasu suka gyaɗa kai.

"Cikin tumbin sana anka ciro su. Hannunku ya hitar da su daga gonata, hannuna ya mayar. Na kira ku ɓarayi, alhali ku kunka zo ceton shanuna. Ɗaya ya mutu, ni na kashe shi. Ku yahe mani. Abin da malamarku ke koya maku, ni na girme ta da shekara goma sha biyu, ban san shi ba sai da na rasa rabin arzikina."

Ya juya wurin Salmatu ya ce, "Malama, in akwai wuri, ranar Alhamis ni ma ɗan ajinki ne."

Har yanzu Lado yana kwasar shara daga jujin nan, don takin yana da kyau. Sai dai kafin ta hau amalanke, sai ya zauna ya tsince ta tas. In wani manomi ya tsaya yana masa dariya, ba ya musu da shi. Yakan kira shi ya ɗaga masa gashin gefen hagun Gwarzo, ya nuna masa tabon.

Darasi: Ilimin kula da muhalli ba na 'yan makaranta kaɗai ba ne, na duk mai gona ne da mai turke da mai 'ya'yan da za su gaji ƙasar nan. Ledar da ka yar yau ba ta ɓace ba, tana nan tana jiran dabbarka ko gonarka. Kuma in an zo maka da sani, kada ka dubi shekarun wanda ya kawo, ko da ƙanwarka ce, ko da yaran da ka raina ne. Ku tura wannan labari ga manoma da makiyaya da malaman da kuka sani, wataƙila akwai wani sa a turke yanzu haka da zai tsira ta dalilinku.